Kalmar “Modesty” da Mudun da Mutum Yake Auna Kansa

Akwai wata kalmar Turanci da ta daɗe tana yawo a tsakaninmu, amma ba kasafai ake tsayar da ita a tambaye ta asalinta ba. Kalmar ita ce “modesty”. Muna ganinta cikin dokokin makarantun 'yan mata, muna ganinta a sanarwar da ake liƙawa a ƙofar majami'a kafin ɗaurin aure, muna kuma jinta a bakin mai wa'azi da Turanci. In ta faɗo, sai a ga mai fassara ya ɗan dakata. Wani ya ce tawali'u, wani ya ce kunya, wani ya ce kamun kai, wani kuwa ya gajarta zance ya ce sa tufafin kirki. Kowannensu yana da gaskiya, sai dai kowa reshe ɗaya ya kama ya bar gindin itacen.

Zancen ya wuce gardamar masu ƙamus. Gama yadda jama'a suka fassara sunan wani halin kirki, shi ne yake nuna wanda za a ɗora wa nauyinsa. In an ce kalmar tufafi take nufi, to, 'yan mata kaɗai za a riƙa tuhuma. In an ce yin shiru take nufi, talaka kaɗai za a nema ya yi ta. Saboda haka ya kamata mu bi sawunta har gida, sa'an nan mu dawo mu gwada ta da abin da ya faru a ƙasarmu ta Mafara da Bakura da Maradun.

Asalin kalmar

Kalmar ba haifaffiyar Ingila ba ce. Ta shiga Turanci a ƙarni na 16 daga kalmar Latin “modestia”, ita kuwa ta tsiro ne daga “modus”, wato awo, ko iyaka, ko gwargwado. A wurin Romawa, wanda ake yaba wa da wannan hali shi ne mutumin da yake tsayawa a kan awo, ba ya zarcewa, ba ya kuma gazawa. Daga wannan saiwa ne suka sami sunan ma'aunin hatsinsu, “modius”, wanda yake cin kusan lita 9. Mu ma muna da mudu, wanda muka aro sunansa daga Larabci, akwai ma masana harshe da suke ganin sunan na Larabci da na Romawan dangin juna ne.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai awo ranar kasuwar Talata Mafara ya riga ya san rabin ma'anar kalmar. Ya san mudu na gaskiya, ya san wanda aka bubbuge gindinsa domin a tauye mai saye. Ya kuma san ɗan kasuwan da yake riƙe da mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Haka zuciyar mutum take. Mai fariya yana auna kansa da babban mudu, yana auna sauran mutane da ƙarami. Halin da muke magana a kai shi ne mutum ya riƙe mudu ɗaya tak, na gaskiya, ya auna kansa da shi, da bukatarsa, da maganarsa, da aikin da yake shirin yi.

Sisero, masanin nan na Roma wanda ya rasu shekara 43 kafin haihuwar Almasihu, ya lissafa wannan hali cikin rassan kamewa. Waliyyi Toma Akwinas (1225–1274), ɗan ƙungiyar Dominikan, waɗanda 'yan'uwansa suka zo Gusau a shekarun 1950, ya ɗauki zancen ya faɗaɗa shi. Ya ce abubuwa huɗu ne a cikin mutum suke bukatar wannan awo. Na fari, marmarin ɗaukaka, wanda tawali'u yake riƙe wa linzami. Na biyu, marmarin sani, domin neman ilimi ya bambanta da shisshigi. Na uku, motsin jiki da ayyukansa, a lokacin aiki da lokacin wasa. Na huɗu, tufafi da ado. A lura da jerin: tufafi ne suka zo a ƙarshe, girman kai kuwa shi aka fara kamawa.

Yadda Turawa suke amfani da ita, da yadda muke faɗa

A Turancin yau kalmar tana da manyan fuskoki uku. Akan yi amfani da ita ga mutumin da ba ya yabon kansa ko da ya yi abin yabo. Akan yi amfani da ita ga ladabin sutura da na hali. Akan kuma siffanta abubuwa da ita: gida, ko albashi, ko roƙo, ko shiri, wanda bai cika girma ba, bai kuma kai ga ƙasƙanci ba. Suna kuma da magana a kan irin tawali'un ƙarya, wato na mai rage kansa da baki domin a ƙara masa yabo.

Hausa ba ta rasa ko ɗaya cikin waɗannan ba, sai dai ta raba su gida gida. Ga na fari muna da tawali'u da ƙanƙan da kai, muna kuma cewa yabon kai jahilci. Ga na biyu muna da kunya da kamun kai da ladabi. Ga na uku muna da madaidaici, muna da daidai ruwa daidai tsaki, muna kuma da wata magana mai zurfi wadda Turanci ba shi da kamarta, wato rufin asiri. Wanda ya roƙi Allah rufin asiri ya san mudunsa, gama abin da zai ishe shi da iyalinsa cikin mutunci ya roƙa.

A 1974 aka buga laccar da Baturen nan Anthony Kirk-Greene ya gabatar a kan abin da Hausawa suke nufi da mutumin kirki, ya lissafa halaye goma, daga cikinsu akwai kunya da ladabi da mutunci da hankali. In za a tambaye mu wanne ne ya fi kusa da awon da Romawa suke nufi, za mu ce hankali, gama shi ne yake sanin inda ya kamata a tsaya.

Kunya kuwa, duk da darajarta, tana bukatar a sa mata ido. Ita ce take hana uwa kiran sunan ɗan fari, ita ce take sa saurayi ya tuɓe takalmi gaban suruki, kuma al'ummar da ta rasa ta ta yi babbar asara. Amma kunya idon mutane take dubawa, awo kuwa gaskiya yake dubawa, su biyun kuma sukan rabu. Kunya ce take sa magidanci ya sayar da gona ko ya ci bashi mai ruwa domin kada a ce kayan ɗakin 'yarsa ba su kai na maƙwabta ba. Kunya ce take sa a yi makoki da shanu alhali ba a biya kuɗin makarantar marayun ba. A nan kunyar da kanta ta zama mai fasa mudu. Wanda ya fassara “modesty” da kunya kaɗai ba zai iya tsawata wa wannan ba.

Yadda aka ƙuntata ta

A ƙasarmu, cikin majami'u da makarantu, kalmar ta kusa zama sunan tsawon zane da faɗin ɗankwali. Wannan yana da tushe. Fassarar Littafi Mai Tsarki ta Turanci ta 1611 ta yi amfani da kalmar a inda wasiƙa ta fari zuwa ga Timoti take magana a kan suturar mata. Ladabin sutura kuwa abu ne mai kyau, ba mu rage masa daraja ba. Sai dai akwai abubuwa biyu da ya kamata a sani. Na ɗaya, abin da ayar ta ambata da suna shi ne zinariya da lu'ulu'u da tufafi masu tsada, wato nuna arziki a wurin sujada inda matalauta suke zaune. Na biyu, kalmar Helenanci da aka fassara a wurin sau biyu kaɗai ta fito a Sabon Alkawari, na biyun kuwa yana babi na gaba, cikin halayen da ake nema ga shugaban ikilisiya. Mudun da aka miƙa wa mace a babi na biyu, shi ne aka miƙa wa bishop a babi na uku.

Idan haka ne, wannan hali na kowa ne, amma ya fi wajaba a kan mai iko. Gama in yarinya ta wuce awo, abin yakan tsaya a kanta da gidansu. In mai mulki ko mai tsara ayyukan ƙasa ya wuce awo, dubban mutane ne suke biya. Fuskar kalmar ta uku, wadda take magana a kan girman shiri da buri, ita ce aka fi mantawa da ita, ita ce kuma ƙasar nan ta biya wa kuɗi mafi tsada.

Darasin Bakolori

Kafin a gina madatsar ruwa ta Bakolori, manoman fadamar Gulbin Sakkwato suna da nasu tsari. Ambaliyar damina takan shayar da fadama, su shuka shinkafa, in ruwa ya janye su yi noman rani a kan damshin da ya bari, masunta kuma su kama kifi. A 1969 hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawara a yi ƙaramar madatsa da aikin ban ruwa madaidaici, a tafi sannu sannu, kada a rushe yadda mutane suke amfani da ƙasarsu. Shawara ce mai awo.

Amma a shekarun da suka biyo baya shirin ya kumbura. An ba kamfanin Impresit mai alaƙa da Fiat ta Italiya aikin, kuɗin man fetur ya shigo, aka koma ga babbar madatsa ɗaya da noma na injuna. An fara gini a 1974, aka gama a 1978: bango mai tsawon kusan kilomita 5 da rabi, da tafki mai cin ruwa kubik mita miliyan 450, wanda ya rufe kusan kadada 8,000. Ba a shawarci manoma ba lokacin tsarawa, ba a kuma binciki abin da zai sami mutanen da suke ƙasa da madatsar ba.

Adalci ya sa mu ce masu shirin ba mugunta suka nufa ba. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 ya girgiza Arewa duka, kuma son a ciyar da jama'a buri ne mai kyau. Abin da suka rasa shi ne mudu. Sun auna iliminsu da babba, sun auna na manomi da ƙarami, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sakamakon sananne ne daga Tsibiri har Birnin Tudu. Dubban mutane a ƙasar Maradun sun rasa gidaje da gonaki a ƙarƙashin tafkin. A wuraren da aka baje domin ban ruwa, an sassare itatuwa masu amfani, gonaki suka yi shekaru ba a nome su ba, diyya kuma ta yi jinkiri ko ta gaza. A ƙasa da madatsar, ambaliya ta ragu, noman shinkafa ya ja baya, kifi ya yi ƙaranci. Da haƙuri ya ƙare, manoma suka tare hanyoyin aikin suna neman hakkinsu. A ƙarshen Afrilu 1980 aka tura 'yan sanda, aka buɗe wuta. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba, masu bincike kuwa sun ƙirga fiye da 380.

Har ta fuskar amfani, babban shirin bai cika alkawarinsa ba. An shirya ban ruwa ga kadada 23,000, mafi yawansu ta na'urorin yayyafi masu bukatar wuta da gyara. Zuwa 2003 na'urorin sun daina aiki, abin da ake nomawa bai wuce kadada 7,500 ba, ta hanyar ruwan da yake gangarowa da kansa cikin magudanai. Da aka zo gyara, a shirin da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ɗaya daga cikin ginshiƙansa shi ne a ba ƙungiyoyin manoma hannu a sarrafa ruwan. Wato bayan shekaru 45 an dawo kusa da inda shawarar 1969 ta tsaya. Tsalle ɗaya yakan jefa mutum rijiya, amma tsalle dubu ba ya fitar da shi.

Ba muna cewa duk babban aiki kuskure ba ne. Madatsar tana nan, iyalai da yawa suna cin abinci daga shinkafar da ake nomawa da ruwanta. Awo bai hana girma ba. Abin da yake nema shi ne girman aiki ya yi daidai da sanin masu yinsa, da ƙarfin masu riƙe shi, da yardar waɗanda zai shafa.

To, ba wannan hali ne yake danne talaka ba?

Mai tunani zai iya tambaya: ashe ba da sunan tawali'u ne aka daɗe ana ce wa talaka ya san matsayinsa ba? Manoman da suka tare hanya a 1980, ba za a ce su ne suka wuce awo ba? Tambayar tana da nauyi, gama lalle an sha yin amfani da kalmomi masu kyau domin a rufe bakin wanda aka zalunta.

Amsarta tana cikin mudun kansa. Mudu yana ƙin ƙari, yana kuma ƙin tauyewa. Wanda ya ce shi ba kome ba ne, alhali Allah ya ba shi hankali da hakki da baiwa, ƙarya ya faɗa kamar yadda mai fariya ya faɗa. Shi ya sa Waliyyi Toma ya koyar cewa tawali'u da girman zuciya ba abokan gāba ba ne: ɗaya yana hana mutum miƙa hannu ga abin da ya fi ƙarfinsa, ɗayan yana hana shi janye hannu daga babban abin da ya wajaba a kansa. Manomin da ya nemi diyyar gonarsa, daidai mudunsa ya nema.

Tarihin ƙasar nan ma ya ba mu misali, wanda maƙwabtanmu Musulmi suka fi mu saninsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kusan shekaru biyar yana wa'azi a Zamfara, ya zauna a Faru. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami domin babbar salla, ya yi musu kyauta. Faru da Magami sunaye ne da har yau suke ƙasar Maradun. Marubuta tarihi sun ruwaito cewa Shehu ya ƙi karɓar zinariyar da aka ba shi, ya nemi abubuwa biyar a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana wanda yake so ya amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, kada kuma a nauyaya wa talakawa haraji. A dubi yadda abu biyun suka haɗu a rana ɗaya. Ga kansa bai nemi kome ba, ga jama'a kuwa ya nemi abin da sauran malamai ba su yi ƙarfin halin ambata ba. Ƙin zinariyar ne ya buɗe masa baki, gama wanda ya cika aljihu a fada ba ya iya faɗa wa sarki gaskiya.

Wannan shi ne gwajin da za a bambanta tawali'u na gaske da na bauta. Na gaske yana rage abin da mutum yake nema wa kansa, ya ƙara masa ƙarfin tsaya wa wani. Na bauta yana sa mutum ya yi shiru a kan zalunci, ya kira tsoronsa ladabi.

Abin da ya rage mana

Ba mu da madatsar da za mu gina, amma kowannenmu yana riƙe da wani mudu. Shugaban gida zai iya tambayar kansa kafin biki: wannan hidima daidai take da rumbuna, ko daidai take da idon maƙwabta? Kwamitin da yake shirin gini zai iya tambaya: wa zai riƙe ginin bayan an buɗe shi, mun kuwa ji ta bakin waɗanda za su biya? A bikin godiyar kaka, inda akan kira sunan mai bayarwa da yawan abin da ya bayar, ya kamata a tuna da gwauruwar da ta zo da mudun dawa ɗaya, kada ta koma gida tana jin kamar ba ta kawo kome ba. Malami da ma'aikacin lafiya da jami'in gona, in suka shiga ƙauye, su fara da tambaya kafin umurni. Wanda kuma aka roƙa ya riƙe wani aiki da ya iya, kada ya ɓuya a bayan “ni wane ne”, gama wannan ma tauye mudu ne.

Game da sutura, a ci gaba da koyar da ita, amma a koyar da ita ga maza da mata, a kuma haɗa da babbar riga da mota da kujerar gaba, tun da abin da manzo ya fara tsawata wa shi ne nuna arziki.

Saboda haka, in kalmar ta sāke faɗowa a wa'azi, mai fassara kada ya damu da neman kalma ɗaya. Ya ce: sanin gwargwadon kai a gaban Allah da gaban mutane, da tsayawa a kansa. Jama'ar da suke auna gero da dawa kowane mako za su gane.

Allah ya ba mu hankalin da za mu san iyakarmu, da zuciyar da za mu cika mudunmu. Ya ji ƙan waɗanda suka rasa rayukansu a Bakolori, ya ba shugabanninmu kunnen sauraro, ya kuma ba ƙasarmu salama. Amin.